Waidan: Alkimiyar Sin ta Dā

Waidan, ma'ana "haɗin magani na waje", shi ne sunan da Sinawa suka ba tsohuwar sana'ar dafa ma'adinai a tukunya don samar da maganin da suka yi imani yana hana mutuwa. Masu wannan sana'a sun nemi zinariya, amma ba don dukiya ba, tsawon rai suke bida. Masanin tarihi Sima Qian ya ruwaito cewa wajen shekarar 133 kafin Miladiyya wani boka mai suna Li Shaojun ya shawarci Sarki Wu na daular Han da a mayar da jan dutsen nan da ake kira dan ya zama zinariya, a ƙera kwanuka da ita, wai duk mai cin abinci a ciki zai daɗe a duniya.

Tushen tunanin yana cikin falsafar Dao, wato "Hanya", asalin da Sinawa suka ɗauka komai ya fito daga gare shi. Babi na 42 na littafin Dao De Jing ya ce Dao ya haifi ɗaya, ɗaya ya haifi biyu, biyu suka haifi uku, uku kuma suka haifi dukkan halittu. Mai alkimiya sai ya ce to bari ya bi sawun nan da baya, ya mayar da abin da ya rarrabu zuwa asalinsa guda, inda babu tsufa balle ruɓewa. Jan dutsen ya zame masa hujja ta zahiri. In aka gasa shi sai zaiba ta fito, fara sol tana gangara kamar ruwa. In aka haɗa zaibar da farar wuta aka sake dafawa, sai jan ya dawo. Ge Hong (283–343), marubucin littafin Baopuzi, ya kafa hujja da wannan: ganye toka yake zama in ya sha wuta, zinariya kuwa ko an binne ta ba ta lalacewa, don haka jikin da ya sha irin waɗannan zai ɗauki halinsu. Littafin Cantong qi, wanda ake danganta wa Wei Boyang, ya ɗora aikin kan dalma da zaiba a matsayin yin da yang, wato ƙarfi biyu masu kishiyantar juna kuma masu cika juna a tunanin Sinawa.

Hujjar tana da daɗin ji, sai dai zaiba da dalma guba ne. Ana danganta mutuwar sarakunan daular Tang da dama da shan wannan magani, ciki har da Muzong a 824 da Wuzong a 846. Sannu a hankali neidan, "haɗin ciki", ya rinjaya, inda jikin mutum ya zama tukunyar, numfashi da nutsuwa suka maye gurbin ma'adinai.

Daga murahun masu waidan ne albarushi ya fito. Har yau Sinawa huoyao suke kiransa, wato maganin wuta, kuma an rubuta yadda ake haɗa shi a wani littafin yaƙi na shekarar 1044.