Hular gashin mikiya ba tufafin Apache ba ce

Da an ce Apache, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne jarumi bisa doki, sanye da ƙatuwar hular gashin mikiya mai jela har gadon baya. Wannan hula ta mutanen filayen tsakiyar Amurka ce, irin su Lakota da Cheyenne, kuma ko a can sai wanda ya yi bajinta yake sa ta. Wasan nunin dawaki da harbi na Buffalo Bill da aka fara a 1883 ya ɗauki 'yan Lakota da yawa, finafinan Hollywood suka ɗora, har aka ɗinka wa kowace ƙabila kaya iri ɗaya.

Apache na Arizona da New Mexico da arewacin Meziko ƙasar duwatsu da ƙaya suke zaune. A da, namiji kan ɗaura ƙyalle a goshi ya kama gashinsa, ya sa dogon bante, da takalmin fatar barewa mai kaiwa gwiwa, wanda a wasu ɓangarorin bakinsa yake lanƙwashe sama. Hotunan Geronimo, shahararren jagoran yaƙin Apache, da mutanensa na 1886 sun isa shaida: rigunan auduga ne a jikinsu, irin na cinikin Meziko.

Ba wai ba su taɓa gashin tsuntsu ba. Akwai ƙaramar hular fata da ake yi wa ado da gashin mujiya ko na talotalo, kuma wasu rassan Apache, wato Jicarilla da Lipan da Apache na Oklahoma, maƙwabtan mutanen fili, sun ari wasu kayansu. Mata kuwa, tun ƙarshen ƙarni na 19 suka koma ga faffaɗan siket da riga sakakkiya ta yadi.