Uncle Charlie & His Dog Teddy

Uncle Charlie & His Dog Teddy faifan waƙoƙi ne na ƙungiyar makaɗan Amurka mai suna Nitty Gritty Dirt Band, wanda kamfanin Liberty ya fitar a 1970. An kafa ƙungiyar a Long Beach ta jihar Kalifoniya a 1966. A wannan faifai makaɗan su biyar ne: Jeff Hanna, Jimmie Fadden, John McEuen, Les Thompson da Jimmy Ibbotson, sai William McEuen, yayan John, da ya jagoranci aikin naɗa.

Abin da ya fito da faifan shi ne yadda ya tara kiɗa iri-iri a wuri guda. Akwai kiɗan karkara na kantiri, akwai bulugiras mai saurin bugun banjo (wani abin kiɗa mai tsirkiya, ɗan uwan gurmi ta fuskar ƙira, wanda asalinsa ke komawa ga bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma). Sun rera "Rave On" da Buddy Holly ya yi fice da ita, suka ɗauko waƙoƙin Michael Nesmith da "House at Pooh Corner" ta Kenny Loggins. John McEuen ma har ya buga wani kiɗan fiyano na Muzio Clementi da banjo. Haɗin ya yi yawa, amma bai watse ba, domin kayan kiɗan gargajiya ne ke riƙe da yawancinsa.

Sunan faifan ya samo asali ne daga wani dattijo, Uncle Charlie, da aka naɗi muryarsa yana hira yana kiɗa, karensa Teddy na taya shi da kuka. Wannan hira ce ke share fage ga "Mr. Bojangles" ta Jerry Jeff Walker, labarin wani tsohon ɗan rawa da Walker ya haɗu da shi a kurkukun New Orleans. Waƙar ta kai matsayi na 9 a jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe na mujallar Billboard a 1971.

Sun kuma buga "Randy Lynn Rag" ta Earl Scruggs, gwanin banjo. Daga baya Scruggs ya taimaka musu suka samu shiga wurin manyan makaɗan kantiri da na gargajiya irin su Maybelle Carter, Roy Acuff da Doc Watson, aikin da ya haifar da faifan Will the Circle Be Unbroken a 1972.