Tarar Naira 500,000 a Dokar Samun Bayanai: Wa Ake Ci?

Akwai wata magana da ke yawo tsakanin masu ƙungiyoyin ci-gaban unguwa, wai duk wanda ya rubuta wa ma'aikatar gwamnati takarda yana neman a nuna masa kwangilar wani aiki, to ya taɓo sirrin hukuma, ana iya cin sa tarar naira 500,000 ko a ɗaure shi shekara guda. Maganar takan sanyaya jikin mutanen da suka tashi gyara garinsu, sai ka ga an koma karo-karo ana yashe magudanar ruwa, ana gyara fitilar titi, ba wanda ya kuskura ya tambayi ko an riga an biya wani ɗan kwangila kuɗin wannan aikin.

Tarar da ɗaurin duka suna cikin doka, wannan gaskiya ne. Sai dai an juya su baibai. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011, ba ta tanadi tarar ko kobo a kan mai tambaya ba. Jami'in da ya ɓoye bayani ta nufa.

Sashe na 1 ya ba kowane mutum damar neman bayanin da ke hannun hukuma, ya kuma ce ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Don haka ma'aikacin da ya tare ka da "kai a wa?" ko "me za ka yi da shi?" tambayar da doka ba ta ba shi ikon yi ba yake yi. Ba sai ɗan jarida ko lauya ba. Wanda bai iya rubutu ba, ko mai lalura ta nakasa, wani zai iya nema a madadinsa, kuma idan da baki aka nema, jami'in ne zai mayar da buƙatar rubuce ya ba mai nema kwafi. Dokar ta hau ma'aikatu, majalisu, kotuna, har da kamfanoni masu zaman kansu da ke aiki da kuɗin jama'a. Abin da za a caje ka bai wuce kuɗin kwafar takardun ba.

Hukuma tana da kwana 7 ta ba da amsa. Tana iya ƙara wasu kwana 7 idan takardun suna da yawa ko sai ta tuntuɓi wasu, amma sai ta sanar da kai. In ta yi gum har wa'adin ya cika, doka ta ɗauki shirun a matsayin hanawa.

Yanzu ga sashen da ake tsorata mutane da shi. Sashe na 7(5) ya ce idan aka tabbatar an hana mutum bayani ba bisa ƙa'ida ba, jami'in ko ma'aikatar sun aikata laifi, kuma za a ci su tarar naira 500,000 idan kotu ta same su da laifin. Ɗaurin kuwa a sashe na 10 yake: jami'in da ya lalata takardun da ke hannunsa da gangan, ko ya yi ƙoƙarin sauya abin da ke cikinsu kafin ya miƙa, zai sha ɗaurin da bai gaza shekara ɗaya ba. Ko'ina ka duba, mai riƙe da fayil ake magana a kai.

Amma kada murna ta yi yawa, domin akwai wata fahimtar da ita ma ba daidai ba ce. Wasu sun ɗauka da zarar kwana 7 sun wuce shi ke nan, jami'i ya ci tara, har ma suna zaton kuɗin aljihunsu zai shiga. Tara ce, ba diyya ba, asusun gwamnati take tafiya. Sannan kalmomin nan na "idan kotu ta same su da laifi" su ne ƙashin bayan maganar. Sai an gurfanar da mutum a shari'ar laifi, kuma a bisa al'ada lauyoyin gwamnati ne ke shigar da irin wannan ƙara. Wato gwamnati ake jira ta kai ma'aikacinta kotu saboda ya rufa wa gwamnati asiri. Kowa ya san yadda irin wannan jiran yake ƙarewa.

Ga kuma yawan kuɗin. A 2011 dala tana wajen naira 150, tarar ta haura dala 3,000. Yau darajarta ta zube zuwa 'yan ɗaruruwan daloli. Ga jami'in da ke zaune kan takardun kwangilar ɗaruruwan miliyoyi, wannan ba abin da zai hana shi barci ba ne, balle da yake dokar ta ce "jami'in ko ma'aikatar", wanda ke nufin ana iya biyan tarar daga baitulmalin mutanen da aka hana bayanin. A ganina nan ne dokar ta fi rauni, kuma ya kamata Majalisar Tarayya ta sake duba wurin.

Makamin da ya fi amfani ga ƙungiyar unguwa shi ne sashe na 20. Wanda aka hana yana da kwana 30 ya nemi kotu ta duba matakin, kuma kotu tana iya tilasta a saki takardun. Sashe na 24 ya ɗora wa ma'aikatar nauyin nuna hujjar hanawa. Kai ba sai ka tabbatar da komai ba. In za ta hana, dole ta rubuta, ta faɗi sashen da ta dogara da shi, ta sa sunan jami'in da ya yanke shawarar.

To batun "sirri" fa? Akwai abubuwan da aka keɓe: tsaron ƙasa, hulɗa da ƙasashen waje, binciken da 'yan sanda ke kan yi, bayanan rayuwar mutum, sirrin kasuwancin wani kamfani. Ko a cikinsu ma, da yawa doka ta ce a saki idan maslahar jama'a ta rinjayi cutarwar. Kuɗin gina kwalbati ko gyaran asibitin unguwa kuwa ba ya kusa da wannan jerin. Hasali ma sashe na 2 ya wajabta wa hukumomi su riƙa wallafa bayanan kuɗin da suka karɓa da waɗanda suka kashe da kwangilolinsu tun kafin kowa ya tambaya. Sashe na 28 ya ƙara da cewa buga wa takarda hatimin sirri a ƙarƙashin tsohuwar Dokar Sirrin Gwamnati bai isa shi kaɗai ya hana a bayar da ita ba. Jami'in da ya saki bayani da kyakkyawar niyya shi ma sashe na 27 ya kare shi.

Uzurin da aka daɗe ana fakewa da shi shi ne wai dokar ta tarayya ce, ba ta shafi jiha ba sai majalisar jihar ta yi tata. A 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi hukunci biyu masu karo da juna, ta Akure ta ce ta shafa, ta Benin ta ce ba ta shafa ba. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta raba gardama a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo, ta ce dokar ta hau dukkan matakan gwamnati. Wannan hukunci yana da muhimmanci ga masu fafutukar gyara gari, tunda kwashe shara, hanyoyin cikin unguwa, kasuwanni da makarantun firamare akasari a hannun jiha da ƙaramar hukuma suke.

Abu ɗaya da dokar ba ta yi ba: ba ta kare wanda ya karɓi takarda ya hau intanet yana kiran wani ɓarawo ba tare da hujja ba. Dokokin ɓata suna suna nan daram.

Idan ƙungiya za ta rubuta, ta ambaci aikin da sunansa da wurinsa da shekarar kasafinsa, ta nemi sunan kamfanin, jimillar kuɗin, abin da aka biya zuwa yanzu da ranar da ya kamata a kammala. Takarda mai cewa "muna son bayani kan ayyukan unguwarmu" ita ce aka fi saurin jefawa a durowa. A kai kwafi biyu, a tabbatar an buga wa ɗaya hatimin karɓa mai ɗauke da kwanan wata an dawo da shi, domin daga wannan ranar ake fara ƙirga kwana 7, kuma shi ne abu na farko da lauya zai nema idan magana ta kai kotu.