Me ake nufi da kamun kifi a kan nitsattsen jirgi?

Wanda ya fara jin wannan magana zai iya ɗauka masu nutso ake nufi, irin waɗanda ke shiga ƙasan teku neman dukiyar jirgin da ya nitse. Abin da masuntan gaɓar Amurka da Ingila ke kira wreck fishing ya sha bamban da wannan. Kamun kifi ne da ƙugiya, daga cikin jirgin ruwa, a daidai saman wani tsohon jirgi da ke kwance a ƙasa. Ba ruwansu da kayan da ke ciki. Kifin da ya mai da gawar jirgin gidansa suke nema, kuma cikin kifayen nan akwai wani sananne da ake kira bas.

Sai an san yadda ƙasan teku yake kafin a gane dalilin wannan wahala. Mafi yawan abin da ke shimfiɗe a ƙasan tekun gabashin Amurka yashi ne da laka, fili fetal, babu wurin laɓewa. Idan jirgi ya faɗa cikin wannan fili, ba a daɗewa ƙananan halittu masu ɓawo za su manne a jikin ƙarfen, tsiron ruwa ya lulluɓe shi, ƙaguwa ta shige ramuka, ƙananan kifaye su taru. Jikin jirgin kuma yana tare ƙarfin ruwa, sai a samu wani lungu a bayansa inda ruwan ya lafa. A nan babban kifi ke tsayawa ba tare da ya gaji ba, yana jiran abin da ruwa zai kawo masa har baki. Shi ya sa za ka yi tafiyar kilomita goma ba ka ga komai a na'urar da ke duba ƙasan ruwa ba, kana isa kan jirgin sai ka ga kifi cunkus.

Irin waɗannan jirage ba kaɗan ba ne. A shekarar 1942 jiragen yaƙin Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa sun nitsar da jiragen kasuwa masu yawa a gaɓar Amurka, musamman kusa da Karolina ta Arewa, yankin da tun da can ake yi wa laƙabi da maƙabartar Atilantika. Mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa shi ma cike yake da jiragen da yaƙe-yaƙen duniya biyu suka bari. Daga baya mutane suka fara nitsar da abubuwa da gangan. Tsakanin 2001 da 2010, hukumar jiragen ƙasa ta birnin Niyok ta ba da tsofaffin taragai sama da 2,500, aka cire musu ƙofofi da tagogi, aka wanke su, aka zuba a teku daura da jihohi irin su Delawa da Bajiniya. Masunta ba sa bambantawa, duk abin da ke kwance a ƙasa yana tara kifi jirgi suke ce masa.

Sunan bas yana rikitar da mutane, domin kifi biyu ne mabambanta. Na Turai fari ne kamar azurfa, dogo, mai farautar ƙananan kifaye, kuma a Ingila doka ta hana ɗaukar wanda bai kai santimita 42 ba. Na Amurka baƙi ne, gajere, mai kauri da faɗin baki, kuma shi ne ainihin ɗan gidan nitsattsen jirgi, ba ya son yin nisa da ƙarfe ko dutse. Ba ya girma sosai, wanda ya kai kilo biyu ma abin nunawa ne. Yana da wata ɗabi'a da ke ba ni mamaki har yau: yawancinsu mata ne a farkon rayuwa, sai sun girma wasu su rikiɗe su koma maza. Lokacin barbara namijin kan fito da wani tozo mai shuɗi a goshi. Da sanyi ya shigo, waɗanda ke arewa sukan bar gaɓa su koma ruwa mai zurfi, masunta su bi su can, tafiyar awanni cikin hunturu.

Kayan aikin ba su da wuyar fahimta. Dalma mai nauyi a ƙarshen zare, ƙugiya biyu a samanta, ɗaya sama da ɗaya, a soka musu yankan naman halittun ruwa. Ana sakin zaren har a ji dalmar ta bugi ƙasa, sannan a ɗan ɗaga. Da kifi ya kama, dole a ja shi sama nan take, domin in aka ba shi daƙiƙa biyu zai shige cikin ƙarfe, zaren ya goge a tsatsa ya tsinke. Asarar ƙugiya da dalma kuwa kowa ya san da ita kafin ya baro gida. Wasu sukan ɗaure dalmar da zare mara ƙarfi, yadda in ta maƙale ita kaɗai za ta tafi.

Gwanintar gaske tana hannun matuƙin jirgi, kuma a ganina nan ne ma'anar kalmar take. Ka ɗauka jirgin da ya nitse yana kwance a zurfin mita 30, faɗinsa bai wuce mita goma sha ba. Matuƙi zai nemo shi da lambobin GPS, wato na'urar da ke nuna wuri ta tauraron ɗan'adam, ya yi ta kewaye har ya ga siffarsa ta taso a allon na'urar da ke duba ƙasan ruwa. Daga nan ba a kansa zai jefa anga ba. Zai wuce gaba, ta inda ruwa da iska ke tahowa, ya jefa ta cikin yashi, sannan ya riƙa sakin igiya sannu a hankali har jirginsa ya ja da baya ya tsaya cak a saman wancan. In ya kuskure da 'yan mitoci, waɗanda ke gefen dama su yi ta kamu, na hagu su wuni suna jiƙa zare. Iska ta juya, sai a ɗage anga a sake sabon lale. Shi ya sa matuƙa ke ɓoye lambobin GPS na ƙananan nitsattsun jiragen da suka gano kamar asirin gado.

Wannan taruwa a wuri guda ita ce kuma ke cutar da kifin. Ƙaramin nitsattsen jirgi ɗaya ana iya kwashe manyan kifayensa cikin 'yan kwanaki, kuma manyan galibi maza ne. Don haka aka sa dokokin girma da adadi da lokacin kamu, waɗanda a Amurka sukan bambanta daga jiha zuwa jiha.

Sai dai mayar da ƙaramin kifi ruwa ba ya wadatarwa in daga zurfi aka ɗauko shi. Bas yana da jakar iska a cikinsa. A zurfin mita 30 matsin ruwa ya ninka na sama sau huɗu, saboda haka in aka fizgo shi da sauri iskar nan takan kumbura, ta turo tumbinsa waje ta baki, idanunsa su firfito. Ka jefa shi haka, sai ya yi ta yawo a saman ruwa cikinsa sama, ya kasa nutsewa, tsuntsaye na shawagi a kansa. Maganin abin wani ɗan maƙali ne mai nauyi da ake kama leɓen kifin da shi, a zura shi da zare zuwa ƙasa. Yana sauka matsin ruwa na mayar da iskar yadda take, maƙalin ya buɗe, kifin ya kaɗa wutsiya ya nufi ƙarfen da aka ɗauko shi.