Alhaji, Yaronka Ba Rago Ba Ne, Barci Ne Bai Samu Ba

Da wuya mako ya wuce ba a kawo mana irinsu asibiti ba. Yaron gidan burodi, yaron shagon ɗinki, mai gadi, 'yar aikin gida. Kukansu kusan ɗaya ne: kai na sarawa, gaba na faɗuwa, abinci ba ya shiga, ga saurin fushi, in an kwanta kuma barcin ya ƙi zuwa. Mu gwada maleriya, babu. Sai in tambaya, "Yaushe rabonka da ka wuni a gida?" Sai ya yi shiru yana lissafi. Wani tun ƙaramar Sallah.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne maganar ubangidan da ya rako shi: "Malama, ragwanci ne kawai, ki ba shi maganin ƙarfin jiki ya koma aiki." Haba Alhaji! Yaron da ya shiga gaban wuta tun la'asar bai fito ba sai hantsi, kullum ta Allah, shi ne rago? Telan da ya kwana goma a kan keke don kayan Sallar mutane, shi ne mai raki? Injin janaretanka ma in ya yi zafi kashe shi kake yi ya huce.

Ku daina kiran gajiyayye rago. Wallahi wannan kalmar tana ɓarna. Yaron da aka kira rago sau biyu ba zai sake cewa ya gaji ba. Zai nemi abin da zai tsayar da shi, kuma kun san abin da ake sayarwa a bakin layi. Daga tiramol ɗaya don a kai asuba, sai biyu, sai ya zama ba ya iya ɗaga buhu sai da ita. Na ga wanda aka kawo yana farfaɗiya saboda ita, ubangidansa na tsaye yana cewa aljanu ne. Daga baya kuma a kore shi a ce ɗan ƙwaya ne. To wa ya hana shi barci tun farko?

Na san kasuwa ta yi zafi. Fulawa ta tashi, mai ya tashi, kuma da yawanku kuna ɗaukar yaran nan ne don taimako, Allah Ya saka. Amma taimakon da zai kwantar da mutum fa? Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da bincike a 2021: mai aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya fi na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari. Ku lissafa awannin mai gadinku ku gani. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce wanda ya yi aikin awa shida a ba shi hutun awa ɗaya, a kuma ba shi yini ɗaya cur a kowane mako. Tun kafin dokar ma, Manzon Allah (SAW) ya hana a ɗora wa na ƙasa abin da ya fi ƙarfinsa, ya ce in an ɗora a taya shi. Amma har gobe sai a ce ragwanci.

Hajiya, ke ma da ke nake. Yarinyar da ta riga kowa tashi, ta kwanta bayan kowa, in ta fasa kofi ba sakarci ba ne.

Ga abin da nake roƙo, a gurguje:

Yini ɗaya na hutu a mako, na gaske, ba a aike.
Aikin dare a yi karɓa-karɓa.
Albashi a kan lokaci, don tunanin kuɗin haya shi ma yana hana barci.
Faɗa a keɓe, ba a gaban kwastoma ba.
In ya daina magana, ko yana kuka ba dalili, ko ya ce gara ya mutu, a kawo shi ranar, kada a jira.

In mun tura ku Dawanau ko Barnawa, ba cewa muka yi ya haukace ba, can ne likitocin damuwa suke. Kuma don Allah, in kun kawo shi wurinmu, ku jira a waje, ku bar shi ya yi bayani da bakinsa.