Idan Jirgi Ya Daɗe a Ƙasa: Zafin da Haƙuri Ba Ya Maganinsa

Wata Laraba cikin watan Afrilu, bayan ƙaramar Sallah, na tashi zuwa Kano biki ta tashar jiragen cikin gida da ke Ikeja a Legas. Jirgin ƙarfe ɗaya na rana ne. Bas ta kwashe mu ta kai gindin jirgi, muka yi layi a kan kwalta, zafi na ratsa tafin takalmi. Muka shiga, aka rufe ƙofa, sai shiru. Can matuƙi ya ce ana jiran izinin tashi, a yi haƙuri. Kafin rabin awa kowa ya zaro takardar nan mai hotunan matakan tsira daga aljihun kujera ya mayar da ita mafici.

Kusa da ni wata dattijuwa ce mai harkar kayan gwari a kasuwar Mile 12, cikin baƙar abaya da dogon hijabi da safa. Tun hawanmu take jan carbi tana ba ni labarin tsadar tumatir. Sai na ji hira ta mutu, carbin ya sulale ya faɗi kan ƙafata. Na kama hannunta, na ji shi sanyi ƙalau, sharkaf da gumi.

"Mama, yaushe rabonki da ruwa?"

"Tun asuba, 'yata. Alwala nake riƙo, kuma ni ba na shiga bayin jirgi."

"Kin sha maganin hawan jini yau?"

"Na sha. Mai sa fitsarin nan."

Aikina ke nan a asibitin sha-ka-tafi a Agege, don haka ban tsaya wata-wata ba, na danna maɓallin kiran ma'aikata. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ta kai minti goma tana jin jiri ba ta faɗa wa kowa ba. Kunya ta hana ta, da kuma tunanin cewa mai haƙuri shi ke dafa dutse. To, wannan dutsen kam shi ke dafa mutum.

Mutane da yawa na zaton esin jirgi kamar na ɗaki yake, a danna ya kama. Ba haka ba ne. Yawancin jiragen da muke hawa zuwa Kano da Abuja da Sakkwato, irin su Boeing 737, suna samun iskar da ake sanyayawa ne daga manyan injinan da ke ƙarƙashin fukafukai. Ana tsakuro iska mai zafi da ƙarfi daga injin, a bi da ita ta wasu na'urori a cikin cikin jirgin su sanyaya ta, sannan a huro mana. Jirgin da ke tsaye ana lodi kuwa injinansa a kashe suke. A lokacin sanyi na zuwa ne ta ɗayan hanya biyu: ko ƙaramin injin da ke cikin wutsiya, wanda ma'aikatan filin jirgi ke kira APU, shi ne mai ƙugin nan da kake ji idan kana hawa ta ƙofar baya; ko kuma wani katon tiyo, galibi rawaya, da ake jonawa a ƙasan jirgi daga na'urar sanyi ta ƙasa. Idan injin wutsiya ya sami matsala, ƙa'idar aikin jirage ta yarda jirgi ya ci gaba da aiki na ɗan lokaci ba shi, domin tashi da sauka ba su dogara da shi ba. Jirgin lafiyarsa lau a sama, amma a ƙasa tanda ce har sai an tayar da manyan injina. Ko an tayar da su ma, muddin jirgi na rarrafe a layin jiran tashi, injinan ba su buɗe wuta ba, sanyin da suke bayarwa bai kai ya kawo ba. Ga shi injin wutsiyar mai yake sha, kowa kuma ya san yadda man jirgi ya yi tsada.

Sai a haɗa da mu kanmu. Babban mutum a zaune yana fitar da zafi kwatankwacin ƙwan lantarki irin na da mai wat 100. Fasinja 150, ƙwai 150 ke nan a kunne cikin bututun ƙarfe da aka rufe, rana na dukansa ta sama, kwalta na turo masa ta ƙasa.

Ɗan Arewa zai ce, wane zafi Legas za ta nuna mini, ni da na san Afrilun Sakkwato da Maiduguri? Gaskiya ne ma'aunin zafi a Legas ba ya cika wuce digiri 33 ko 34, ko a watannin Fabrairu zuwa Afrilu da abin ya fi tsanani. Amma zafin gida busasshe ne: ka yi gumi, iska ta shanye shi, jiki ya huce. Iskar Legas a ƙoshe take da laimar teku, gumi na tsiyaya amma ba ya bushewa, kuma gumin da bai bushe ba bai sanyaya komai ba, asarar ruwa da gishiri ce kawai. Cikin jirgin da mutum 150 ke numfashi, laimar ƙaruwa take yi. Jiki kan buɗe hanyoyin jini na fata don ya fitar da zafi, jini ya taru a ƙafafun da ke naɗe ba motsi, wanda ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu. Daga nan sai hamma, sai jiri, sai duhun ido. Shi ya sa da yawa ke faɗuwa daidai lokacin da suka miƙe zumbur za su ɗauko jaka.

Kada a ɗauka abin namu ne kaɗai. A watan Yulin 2023, a Las Vegas ta Amurka, wani jirgi ya daɗe a kan kwalta ana zafin da ya haura digiri 43, mutane suka galabaita, har aka kwashi wasu zuwa asibiti. Mu ma a nan dalilan jinkiri ba sa ƙarewa: hazon hunturu ya rufe Kano a Disamba da Janairu, hadari da tsawa a Yuni da Yuli, ko a tsayar da kowa don wani babba zai wuce.

Inda na fi ganin matsala shi ne tun kafin a iso filin jirgi. Mutum ya fito daga Alaba Rago ko Idi-Araba tun safe don gudun cunkoso, ya yi awa biyu cikin mota yana zufa, ya yi dambe da kaya, ya ƙi shan ruwa don kada fitsari ya dame shi. Ya hau jirgi tulunsa rabi. Iyayenmu mata su suka fi yin haka, kuma dalilinsu ɗaya da na Mama. Shan ruwa dai ba ya karya alwala, kuma akwai bayi da wurin alwala a tashar. Sha sosai tun a gida, ƙara sha a ɗakin jira, zaga kafin a kira jirgi, sake alwala, shi ke nan. Bayan an wuce wurin bincike a sayi ruwan gora. Na san farashinsa a can na sa mutum ya yi tsaki, amma ni ban taɓa hawa ba tare da gora biyu ba, ɗaya tawa, ɗaya ta wanda Allah ya haɗa mu kujera. Kada a dogara da ruwan jirgi, domin sau da yawa ba a fara rabo sai an tashi. Launin fitsari shi ne ma'aunin talaka: idan ya yi ja kamar shayi, jiki na bin ka bashi.

Batun sutura kuma, ana cewa jirgi akwai sanyi, kuma gaskiya ne, amma a sama, inda iskar waje ke kaiwa digiri 50 ƙasa da sifili. Sai ka ga Alhaji da babbar rigar shadda mai sitati, da 'yar ciki, da singileti, wani har da suwaita. Babbar riga a naɗe ta a hannu, a saka idan an kusa sauka, ba wanda zai rage maka girma. Mata a zaɓi yadi mai shan iska da hijabi marar nauyi. Ana iya suturta jiki tsaf ba tare da an turara kai ba. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne jarirai. Hula, safa, rigar sanyi, shawul, sannan a rungume a ƙirji a lulluɓa da hijabi. Jariri ba ya iya fitar da zafi kamar babba, kuma ba shi da bakin cewa ya isa. A cire hular da safar, a bar shi da 'yar riga ɗaya, a ba shi nono akai-akai. Wanda bai kai wata 6 ba nono ya ishe shi, ba a ba shi ruwa. Idan kuka ya koma ba hawaye, ko maɗiga ta faɗa, ko ya yi laƙwas ya ƙi kama nono, wannan ba barci ba ne, a kira ma'aikata nan take.

Bayan jarirai da tsofaffi, akwai masu juna biyu, masu ciwon suga, masu ciwon zuciya ko ƙoda, da masu asma. Masu sikila su ma a gaba suke, domin ƙarancin ruwa a jiki na daga manyan abubuwan da ke tayar musu da ciwo, ga shi kuma iskar shaƙa na ɗan raguwa idan an hau sama. Mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari kada ya daina da kansa. Ya biyo asibiti kafin ranar tafiya a duba ko za a gyara masa lokacin sha. Wanda aka ƙayyade wa ruwa saboda zuciya ko ƙoda ya bi adadin da likitansa ya ba shi. Magani, da abin shaƙa na asma, da 'yan dabino ko alewa don mai suga, duk su zauna a jakar hannu, ba a akwatin da ya tafi ƙarƙashin jirgi ba. Azumi kuma a 'yan shekarun nan yana faɗowa ne cikin Fabrairu da Maris, daidai lokacin da Legas ke tafasa. Ni ba malama ba ce, amma ko ɗan makarantar allo ya san addini ya yi wa matafiyi da marar lafiya rangwame. Mai lalura ya tambayi malaminsa da likitansa tun kafin ya yanki tikiti.

Idan an riga an shiga an kuma rufe ƙofa, akwai 'yan dabaru. Saman kanka akwai ɗan bututun iska mai murɗawa. Buɗe shi gaba ɗaya ka saita shi ga fuska da wuya, ka buɗe na maƙwabcin da bai san da shi ba. Sauke marufin taga ta ɓangaren da rana ke dukan jirgi, sai dai idan ma'aikata sun ce a ɗaga don za a tashi. Jiƙa hankici ka ɗora a ƙeya. Riƙa motsa ƙafa kamar mai taka keken ɗinki don jini ya dawo sama. Sassauta bel ɗin wando da maɓallin wuya. Kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan. Idan kana da fakitin ruwan gishiri da sukari na asibiti, ɗaya ake zubawa a lita ɗaya.

Galabaita mataki biyu ce. Na farko irin na Mama: gumi sharkaf, ciwon kai, tashin zuciya, kasala, murɗewar tsoka, amma hankali na nan. Wannan ruwa da fifita da hutu kan warware shi. Na biyu shi ne mai kisa, lokacin da zafin jiki ya haura digiri 40 ya taɓa ƙwaƙwalwa: mutum ya fara sambatu, ya rasa inda yake, harshe ya karye, ko ya yi faɗa ba dalili, ko jijjiga ta kama shi, fata zau kamar garwashi. Ba aljanu ba ne, kuma farasitamol ba ya yi masa komai. A sanyaya shi da duk abin da ya samu, jiƙaƙƙen zane ko ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, a gaya wa ma'aikata lallai a sauke shi zuwa asibiti. Wanda ya suma a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, jama'a su ja baya ya sami iska. Kada a ɗura masa ruwa, shaƙe shi zai yi. Kada a cusa cokali a baki, kada a tura masa albasa a hanci.

Ma'aikatan jirgi an horar da su kan agajin farko, suna da akwatin magani da tukunyar iskar shaƙa, kuma matuƙi na da ikon neman komawa tasha a kira likitocin filin jirgi. Amma yana can gaba a ɗakinsa, bai san abin da ke faruwa a kujera ta 24 ba sai an gaya masa. "Ana zafi" kowa ya faɗa, ba ta motsa kowa. Ka ce, "Mahaifiyata na da hawan jini, tana ganin duhu," ko "Yaron nan mai sikila ne." Wanda ba ya jin Turanci ya taɓa na kusa; jirgin Kano ba ya rasa tafinta. Abin da ba a yi ko kusa shi ne taɓa ƙofar gaggawa ko far wa ma'aikata. Buɗe ƙofar na iya raunata wanda ke ƙasa, ya soke tafiyar kowa, ya kai mutum kotu.

A Amurka tun 2010 doka ta hana a riƙe fasinjojin cikin gida a jirgi a ƙasa fiye da awa 3, kuma dole a ba su ruwa da abin taɓawa cikin awa 2. Kanada ta kawo tata a 2019, ta sa samar da iska da sanyi cikin sharuɗɗa. A nan gida, sashe na 19 na dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, shi ke magana kan haƙƙin fasinja idan an yi jinkiri ko an soke tafiya, kuma hukumar na da jami'an karɓar ƙorafi a filin jirgin Murtala Muhammed da na Malam Aminu Kano. Rubuta lambar jirgi, lokacin da aka rufe ƙofa da lokacin da aka tashi, ka adana tikitinka. Mu Hausawa mun fi son mu ce Allah ya isa mu wuce, shi ya sa ba a jin muryarmu a irin waɗannan ofisoshin.

Ita dai Mama, ma'aikaciyar ta kawo ruwa da ƙanƙara a leda, muka zare mata safa, na saita mata bututun iska, wani saurayi a bayanmu ya yi ta fifita da jarida. Kafin injina su kama ta shanye gora guda da rabi, fuskarta ta dawo. Muna tsakiyar tafiya ta taɓo ni a hankali ta ce, "'Yata, tashi ki raka ni bayin nan, ki nuna mini yadda ake kulle ƙofarsa."