Karatun sauri a binciken digirin digirgir

Karatun sauri suna ne da ake bai wa dabarun da mutum ke bi domin ya gama da rubutu mai yawa cikin ɗan lokaci, ba tare da fahimtarsa ta ragu sosai ba. Masu neman digirin digirgir, wanda a Nijar aka fi kira doktora, suna cikin waɗanda batun ya fi damu, domin a tsarin lisans, masta da doktora da jami'o'in ƙasar ke bi, shekara uku ce aka ɗiba wa mataki na ƙarshe, kuma a cikinsu ne ɗalibi zai karance abin da magabatansa suka rubuta, ya fita fagen bincike, sannan ya rubuta kundinsa ya kare shi a gaban malamai.

Asalinsa

A ƙarshen shekarun 1870 ne likitan ido ɗan Faransa, Émile Javal, ya bayyana cewa idon mai karatu ba ya bin layi sumul kamar yadda ake zato, sai dai ya yi tsalle ya tsaya, ya sake tsalle ya tsaya. Koyar da saurin karatu a matsayin sana'a kuwa ya bunƙasa ne a Amurka, inda wata malama mai suna Evelyn Wood ta buɗe cibiyarta ta Reading Dynamics a birnin Washington a 1959. Ta koya wa mutane su riƙa jan ido da yatsa a kan shafi, su daina komawa baya, su kuma kashe muryar zucin nan da ke furta kalmomi yayin karatu. A Faransa, François Richaudeau ne ya yi fice wajen yaɗa irin wannan koyarwa tun daga shekarun 1960.

Abin da bincike ya nuna

Ido yakan tsaya kusan rubu'in sakan a kowane zango, kuma abin da yake amfana da shi a tsayawa ɗaya bai taka kara ya karya ba: a rubutun boko, haruffa uku ko huɗu ne ta hagu, da kamar 14 ko 15 ta dama. Ga mai karanta Larabci lamarin yakan juya, faɗin ya koma ɓangaren hagu. Wannan iyaka ta samo tushe ne daga halittar ido, domin ɗan tsakiyarsa kaɗai ke ganin harafi tangaran, saboda haka da'awar ɗauke shafi guda da kallo ɗaya ba ta da madafa.

A 2019 Marc Brysbaert na Jami'ar Ghent a Beljiyam ya tattara sakamakon bincike 190, ya gano cewa matsakaicin saurin baligi mai karanta rubutun ilimi da Ingilishi a zuci shi ne kalma 238 a minti. Shekara uku kafin nan, a 2016, aka buga wani dogon nazari na Keith Rayner da abokan aikinsa, wanda ya kammala da cewa duk wanda ya ninka saurinsa sau biyu ko uku, to fahimtarsa ce za ta biya kuɗin. Komawa baya da masu koyar da sauri ke ɗauka aibi, ashe gyara ne da ƙwaƙwalwa ke yi idan jimla ta shige mata duhu, shi ya sa manhajoji irin su Spritz, masu walƙo kalma ɗaya bayan ɗaya a allon waya, suke hana mai karatu wata dama da yake matuƙar buƙata. Ita ma muryar zuci tana taimakawa wajen riƙe farkon doguwar jimla har a kai ƙarshenta.

Amfaninsa ga mai bincike

Duk da haka, kuskure ne a yi watsi da batun baki ɗaya, domin akwai sashensa da ke da amfani ƙwarai, wato iya tsame abin da ake nema da sanin abin da bai cancanci a karanta ba. A saurin kalma 238 a minti, maƙala mai kalma 8,000 tana cin sama da rabin awa, guda 200 kuwa sun haura awa 100, tun ba a ɗauki alƙalami ba. Ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da ya tsallaka gadar Kennedy da sassafe zuwa Harobanda, unguwar da jami'ar take, wayarsa cike da maƙalun da ya sauke daren jiya lokacin da intanet ta yi ƙarfi, ba zai iya bi musu ɗaya bayan ɗaya daga farko har ƙarshe ba, musamman a zafin watan Afrilu da kai ke yin nauyi tun kafin azahar. Abin da gogaggu ke yi shi ne su fara da take da taƙaitaccen bayani, su leƙa kammalawa, su duba jadawali da hotuna, sannan su yanke hukunci: wannan a ajiye, wannan a dawo masa, wannan kuwa sai an zauna. Tsarin SQ3R da Francis Robinson ya bayyana a 1946 a kan wannan turba yake, inda ake fara da leƙe da yi wa kai tambayoyi, kafin karatu, da maimaitawa da ka, da bita.

Daga cikin ɗaruruwan rubuce-rubuce, kaɗan ne ke zama ginshiƙin kundi, kuma waɗannan ba a yi musu gaggawa. A nan tarbiyyar karatun zaure, inda almajiri ke bin littafi layi-layi a gaban malami har ya sauke shi, ta fi kowace dabarar zamani dacewa. Malaman da ke zaman kare kundi sukan gane wanda ya yi wa littafi karatun tsanaki da wanda ya shafa shi sama-sama daga tambaya ɗaya tak. Wajibi ne kuma a rubuta ƴan layuka game da duk abin da aka leƙa, ko a kati ko a manhaja irin Zotero, domin abin da aka karanta a guje shi ne ya fi saurin ɓacewa.

Matsalar harshe

Babban abin da ke ƙayyade sauri shi ne yawan kalmomin da mutum ya sani da kuma sabonsa da fannin, kuma wannan ya shafi ɗaliban Nijar kai tsaye. Wanda ya tashi da Hausa a Tawa, ya yi boko da Faransanci, yakan iske muhimman maƙalun fanninsa da Ingilishi aka rubuta su, harshen da bai wuce darasin aji ba a wurinsa. Irin wannan ɗalibi, awa ɗaya da zai ba koyon kalmomin fanninsa kowace rana ta fi masa wata guda na horar da ido. Mai aiki a kan tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke ajiye a cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta IRSH da ke Yamai kuwa, shi batun sauri bai ma taso masa ba, domin yakan wuni a kan shafi ɗaya yana bambance hannun mai kwafi da ɗigon da tawada ta bari, yana kwatanta kwafi da kwafi kafin ya amince da kalma guda.